Rikoda Mai Faifai Biyu da Muryoyin Magabata

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama don ya rubuta baitocin wata tsohuwar waƙa ta Narambaɗa ko ta Salihu Jankiɗi, daga kaset ko daga wayar hannu, ya san irin wahalar da ake sha. Ga kiɗa ana ji, ga amshi ana ji, amma kalmomin sai ka ce mawaƙin ya yi amawali ya rufe bakinsa. Akan mayar da baiti ɗaya baya sau biyar ko goma, daga ƙarshe a rubuta abin da ake zato. Mutane da yawa sun ɗauka cewa na'urorin wancan zamani ne ba su da inganci, don haka sai a yi haƙuri da abin da aka samu. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin nuna cewa sau da yawa muryar tana nan garau a jikin faifan asali, a wajen kwafa ne take dusashewa, kuma babban dalili shi ne wani ɗan ƙaramin sukuru da ba a saita shi daidai ba. Kafin mu kai ga sukurun, ya kamata mu san ita kanta na'urar da yadda ta iso ƙasar Hausa.

Asalin Na'urar

Rikoda mai faifai biyu ita ce uwar kaset ɗin da muka tashi muka gani. Tana da faifai guda biyu a fili, ɗaya cike da zare, ɗaya wayam, zaren yana warwarewa daga wannan yana naɗuwa a wancan, kamar yadda masaƙa suke tariya a kwarkwaro. Shi zaren siririn ƙyalle ne na roba, faɗinsa ya ɗan ɗara milimita 6, an shafe fuskarsa ɗaya da garin tsatsar ƙarfe mai laushin gaske. A jikin wannan gari ake ajiye murya ta hanyar maganaɗisu.

Wani mutumin ƙasar Denmak mai suna Valdemar Poulsen shi ya fara ɗaukar murya da maganaɗisu a shekarar 1898, amma a jikin wayar ƙarfe ya yi. A 1928 ne Fritz Pfleumer a ƙasar Jamus ya yi rajistar dabarar shafa garin ƙarfe a jikin siririyar takarda. Kamfanin AEG ya karɓi dabarar ya ƙera na'ura mai suna Magnetophon, wadda aka nuna wa jama'a a bajekolin rediyo na birnin Balin a 1935, kamfanin BASF kuma ya ɗauki aikin yin zaren. Da farko sautin yana da shuu da yawa. A 1940 wasu injiniyoyin gidan rediyon Jamus, Walter Weber da Hans-Joachim von Braunmühl, suka gano cewa idan aka haɗa murya da wani siririn sauti da kunnen mutum ba ya iya ji a lokacin ɗauka, muryar takan fito tas. Daga nan ya zama da wuya mai sauraro ya bambance shirin da ake yi kai tsaye da wanda aka ɗauka.

Bayan ƙare Yaƙin Duniya na Biyu a 1945, wani sojan Amurka mai suna Jack Mullin ya tafi gida da irin waɗannan na'urori guda biyu. Mawaƙin nan Bing Crosby ya fara ɗaukar shirinsa na rediyo da su a 1947, sannan kamfanin Ampex ya fito da tasa a 1948. Abin da ya fi shafarmu mu mutanen karkara shi ne fitowar ƙananan rikoda masu aiki da batir, waɗanda mutum zai rataya a kafaɗa ya shiga ƙauye. Stefan Kudelski ya ƙera Nagra ta farko a ƙasar Suwizalan a 1951, Nagra ta uku ta fito a 1958, sai kuma Uher 4000 ta Jamus a 1961. Da irin waɗannan ne 'yan jarida da masu bincike suka zagaye Afirka.

Shigowarta Ƙasar Hausa

Kafin zuwan zare, Bahaushe ya san faifan garmaho. Ita kanta kalmar faifai daga ɗakin uwargida aka aro ta, wato faifan da ake rufe ƙwarya da shi, saboda kamannin da ke tsakaninsu. Sai dai faifan garmaho na da yana ɗaukar minti uku ne ko ɗan fiye a kowace fuska, kuma kamfani kaɗai ke iya yin sa. Mawaƙin fada kuwa yakan share rabin sa'a a kan waƙa ɗaya. Zare ne ya kawar da wannan ƙunci. Faifai ɗaya matsakaici yana cin kimanin rabin sa'a a gudun da aka fi amfani da shi, kuma ana iya sauraron abin da aka ɗauka nan take.

Rediyon waya mai akwati a bango ya iso Kano a 1944. An kafa hukumar rediyo ta Nijeriya a 1951, ta zama NBC a 1957, shekarar da sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shirye. A 1962 Gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe nata gidan rediyo da talabijin a Kaduna. Duk wannan ya zo daidai da lokacin da zare ya zama abin aikin kowane gidan rediyo a duniya. Don haka waƙoƙin fada da na noma da na maza, da wasannin kwaikwayo, da karatun rubutattun waƙoƙi irin na Aliyu Namangi da Aƙilu Aliyu, da jawaban shugabannin Jamhuriya ta Farko, mafi yawan abin da ya rage mana na muryoyinsu ta jikin zare ya biyo. Narambaɗa ya rasu tun farkon shekarun 1960. Ba don an riske shi da na'ura ba, da Bakandamiya ta zama labari kawai.

Masu bincike ma sun yi nasu. David Ames ya ɗauki kaɗe-kaɗen Hausa a ƙasar Zazzau a 1963 zuwa 1964, an fitar da wasu a jerin fayafayan hukumar UNESCO. Shi da Anthony King, wanda ya yi aiki a Katsina, suka wallafa ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971. A Kano an kafa Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya a 1969, tun Jami'ar Bayero tana kwalejin Abdullahi Bayero, kuma tattara adabin baka yana cikin manyan ayyukanta. A Yamai an buɗe cibiyar tattara tarihin baka a 1968 da taimakon UNESCO, wadda Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka ta karɓa a 1974, ita ce ake kira CELHTO.

Kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963, kuma cikin shekarun 1970 ya cika kasuwanninmu. Kaset ba wani abu ba ne illa faifan nan biyu da aka ƙanƙantar aka kulle a cikin gida ɗaya. Masu sayar da kaset suka riƙa kwafar tsofaffin waƙoƙi, wani daga rediyo, wani daga garmaho, wani daga kaset ɗin wani. Daga kaset aka koma faifan CD, daga nan aka koma waya. Abin da muke saurare a yau jika ne ko tattaɓa-kunnen faifan asali, kuma duk wata tawaya da aka samu a hanya ya gaje ta.

Yadda Hed Yake Aiki

Ɗan ƙarfen nan mai sheƙi da zare ke goga a kansa shi masu gyaran rediyo ke kira hed. A babbar rikoda guda uku ne a jere: na farko yana goge abin da ke kan zare, na biyu yana ɗauka, na uku yana karantawa. A cikin kowane hed akwai waya da aka nannaɗe a jikin ƙarfe, a fuskarsa kuma akwai wata tsaga a tsaye wadda da ƙyar ido ke ganinta. Ta wannan tsaga hed ɗin ɗauka ke zana murya a jikin zare, layi-layi a tsaye, kamar mai yin kunyoyi a gona. Murya mai kauri tana yin layuka masu tazara, siririn sauti kuwa layukansa a matse suke.

Bari mu kawo lissafi kaɗan don a ga girman lamarin. Gudun da aka fi ɗaukar magana da waƙa da shi shi ne santimita 19 a sakan ɗaya. Akwai rabinsa, santimita 9.5, na rikodar gida, akwai kuma ninkinsa, santimita 38, na manyan ɗakunan ɗaukar sauti. Siririn sauti mai girgiza sau 10,000 a sakan, idan aka ɗauke shi a gudun santimita 19, kowace girgiza ɗaya tana cin wurin da bai wuce kashi 19 cikin 1000 na milimita ba. Wannan bai kai rabin kaurin gashin kai ba. To idan tsagar hed ɗin karatu ta ɗan karkata, sai samanta ya hau kan wani layi, ƙasanta yana kan wani, su biyun su kashe juna. A zaren da aka ɗauki murya a duk faɗinsa, karkatar da ba ta wuce kashi ɗaya cikin shida na digiri ɗaya ba ta isa ta shafe wannan sauti gaba ɗaya. Babu idon da zai ga irin wannan karkata, kunne da mita kaɗai ke gano ta.

Ina ruwan marubuci da wannan? Kaurin murya da karin sautin Hausa da amon kotso ko kalangu duk suna cikin sautuka masu kauri, don haka sukan tsira. Abin da ke fara salwanta shi ne baƙaƙe masu shuu, wato s da sh da ts da f, da kaifin da ke raba k da ƙ. Ɗauki kalmomin sara da shara da fara ta ƙwaro: tsawon wasulansu ɗaya, karin sautinsu ɗaya, baƙin farko kaɗai ya raba su. Haka kuma tsakanin ya tsara da ya fara. Idan hed ya cinye baƙin, mai rubutu zai cike gurbin da tunaninsa. A waƙar yau ma'anar jimla za ta taimake shi. A waƙar fada mai cike da tsofaffin kalmomi da kirari da sunayen bayi da dawakai da garuruwan da suka zama kufai, ba shi da madogara. Abin da ya rubuta shi zai shiga kundin digiri, daga nan ya shiga littafi, mu kuma malamai mu koyar da shi a aji.

Saita Hed

Masana wannan aiki suna duba abubuwa huɗu a zaman hed. Na farko tsayinsa, don tsagar ta hau daidai kan layin da aka ɗauki murya. Na biyu miƙewarsa, kada ya karkata dama ko hagu, kuma wannan shi ne wanda muka yi bayani a sama. Na uku kada ya sunkuya gaba ko ya ɗage baya, domin zare ya kwanta a fuskarsa baki ɗaya. Na huɗu zare ya rungume shi ta yadda tsagar za ta zauna a tsakiyar wurin da suke haɗuwa. Kowanne yana da sukurunsa.

Ba a fara taɓa sukuru sai an wanke hed da duk inda zare ke bi da auduga da tsantsar sifirit, domin datti kaɗan a fuskar hed yana dusashe sauti kamar yadda karkata take yi. Bayan haka a cire maganaɗisun da ya taru a jikin ƙarafan da wata na'ura ta musamman, saboda hed mai maganaɗisu yana rage kaifin duk zaren da ya bi ta kansa. Sannan a ɗora faifan gwaji. Wannan faifai ne da aka ɗauka a kamfani da na'urar da aka tabbatar da miƙewarta, babu komai a cikinsa sai sautuka masu awo. Ana farawa da hed ɗin karatu. Mai gyara zai saki sauti matsakaici, ya riƙa murɗa sukuru a hankali yana kallon allurar mita har ta kai ƙololuwa, sannan ya koma kan siririn sauti ya ƙarasa. Dalilin bin wannan tsari shi ne siririn sauti yana da ƙololuwar ƙarya a dama da hagun ta gaskiya, wanda ya fara da shi yana iya tsayawa a kan ta ƙarya. Idan hed ɗin karatu ya zauna, sai a ɗora sabon zare, a riƙa ɗaukar sauti ana sauraronsa a lokaci guda, ana murɗa sukurun hed ɗin ɗauka har ya dace da ɗan'uwansa. Daga ƙarshe a ɗiga wa sukurun ɗan fenti don kada ya motsa.

Wannan ita ce ƙa'ida ga rikodar da za a yi sabuwar ɗauka da ita. Ga tsohon faifai kuwa, hukumar ƙasa da ƙasa ta masu adana sauti, wato IASA, ta shimfiɗa wata ƙa'ida dabam. Rikodar da ta sha hanyar ƙauye a bayan Landiroba, ta sha ƙura da gargada, da wuya a ce hed ɗinta yana miƙe a ranar da aka ɗauki waƙar. A karkace ta zana layukanta. Idan aka karanta faifan da hed mai miƙewa daidai da faifan gwaji, sauti zai fito a dushe. Don haka dole mai kwafa ya karkatar da nasa hed ɗin ya bi karkatar na farko, yana saurare har muryar ta buɗe, kuma ya sake yin haka ga kowane faifai, wani lokaci ma ga kowace waƙa. Wanda ya tsallake wannan mataki ya zuba waƙa a kwamfuta, to abin da ya bari a jikin zare babu wata manhaja da za ta dawo da shi.

Akwai sauran tarkuna. Wani faifan an ɗauki murya a duk faɗin zaren, wani a rabi, wani a kwata. Idan aka sa faifan rabi a kan hed mai cin duk faɗi, za a ji muryoyi biyu, ɗaya tana magana da baya-baya. Tsarin daidaita kauri da kaifin sauti na Amurka dabam yake da na Turai. Haka kuma idan batir ya yi sanyi a lokacin ɗauka, zare yakan yi tafiyar hawainiya, in an zo saurare da cikakken gudu sai dattijo ya koma mai muryar yaro, kiɗa ya yi saurin da makaɗan ba su yi ba.

Abin da Ya Shafe Mu a Kibiya da Rano

Rano tana cikin Hausa Bakwai, har yau ana yi wa sarkinta kirari da Autan Bawo. Duk da haka abin da aka rubuta a kan tarihinta bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da na birnin Kano, balle a zo kan Kibiya da Bunkure da Rurum da ƙauyukan da ke kewaye da su. Tarihin waɗannan wurare a bakin dattawa yake, da maroƙa, da makaɗan noma, da 'yan tauri, da tsofaffin mata masu waƙar daɓe da niƙa. An ɗaga darajar masarautar Rano a 1981, aka soke a 1983, aka sake ɗagawa a 2019, aka soke a 2024, sannan a cikin shekarar aka mayar da ita mai daraja ta biyu a kan ƙananan hukumomin Rano da Kibiya da Bunkure. A kowane juyi tambayoyin asali da jerin sarakuna da iyakoki sukan taso, kuma waɗanda suka fi sanin amsa sun riga mu gidan gaskiya.

Mu da muka tashi a zamanin kaset mun san sukurun nan ko da ba mu san sunan aikinsa ba. Wanda ya taɓa kai rikodarsa wurin mai gyara a kasuwa ya ga yadda yake zura siririn sukundireba kusa da hed, ya murɗa kaɗan, sai murya ta washe kamar an buɗe taga. Aikin ɗaya ne da wanda muka bayyana, kuma kaset ya fi saurin nuna aibin, domin gudunsa santimita 4.76 ne kawai a sakan, layukansa sun fi matsewa. A gidajenmu akwai kaset na bikin naɗin sarauta, da na tafsirin malaman gari, da na saƙon murya da ake aika wa 'yan'uwa a Makka, da na hirar da wani ɗalibi ya yi da kakansa don kundinsa. A gidajen tsofaffin ma'aikata da malaman makaranta ana iya cin karo da faifan zare a ƙasan adaka, babu wanda ya san abin da ke ciki.

Lokaci ba ya jiran waɗannan kaya. Zaren farko-farko yakan bushe ya riƙa tsinkewa, yana warin tsami. Wasu na shekarun 1970 da 1980 sukan sha damshi su yi danƙo, garinsu ya riƙa liƙewa a jikin hed, sai ƙwararru sun gasa su a zafi kimanin digiri 50 kafin su saurare su. Zafin bazara da laimar damina da ƙurar hunturu duk abokan gabar zare ne. Wani lokaci ma hannun mutum ne: saboda tsadar zare, manyan gidajen watsa labarai na duniya, har da BBC, sun sha goge tsofaffin shirye-shirye su ɗauki sababbi a kai, kuma a 2009 hukumar sararin samaniya ta Amurka ta bayyana cewa ga dukkan alamu haka aka yi da zarurrukan asali na saukar mutum a kan wata a 1969. Mafi yawan manyan kamfanonin da suka yi suna da wannan na'ura sun daina ƙera ta da daɗewa, hed kuma yana cinyewa da goga. A 2019 UNESCO da IASA sun yi gargaɗin cewa zuwa wajen 2025 samun na'urori da kayan gyaransu zai yi wuya ƙwarai, kuma wannan wa'adi ya riga ya zo.

Amma an ga inda aka yi nasara. Tsakanin 2008 da 2013 wani masani mai suna Graeme Counsel, da tallafin Ɗakin Karatu na Birtaniya, ya kwafe fayafayan zare fiye da 1,200 na gidan rediyon ƙasar Gini, aka tsirar da waƙoƙi fiye da 9,000 cikin harsunan ƙasar, kuma an sa da yawa daga cikinsu a intanet don kowa ya saurara.

Kammalawa

Shawararmu ga duk wanda ya sami tsohon faifai ko kaset mai muhimmanci ita ce kada ya yi gaggawar ɗora shi a kan kowace irin rikoda, domin ƙaramin sani ƙunƙumi ne, kuma danna maɓallin ɗauka bisa kuskure yana shafe abin da aka adana shekara hamsin. A ajiye shi a tsaye cikin kwalinsa, a wuri mai sanyi marar damshi, nesa da sifika da duk wani abu mai maganaɗisu. A rubuta duk abin da aka sani game da shi: wa ya ɗauka, wa aka ɗauka, a wane gari, a wace shekara. Idan za a kai shi wurin mai kwafa, a tambaye shi ko yana saita hed ga kowane faifai. A nemi cikakken kwafi wanda ba a matse ba, kada a tsaya ga irin wanda ake turawa ta WhatsApp. Bayan an kwafa kada a yar da na asali.

Ga masu rubuta waƙoƙi da tarihin baka kuma, yana da kyau a riƙa faɗar inda aka sami muryar da aka yi aiki da ita, a nemi kwafin da ya fi kusa da faifan asali, a kuma sa alama a duk kalmar da kunne bai tabbatar ba maimakon a cike ta da zato. Sannan a kai baitin wurin dattawan da suka ji waƙar daga bakin mai ita, tun suna tare da mu. Masu iya magana sun ce kada a raina allura, ita ma ƙarfe ce. Haka sukurun hed yake, ƙanƙantarsa ba ta hana shi yanke hukunci a kan kalmomin da jikokinmu za su karanta da sunan Narambaɗa ko da sunan wani dattijon Kibiya ba.